Attajiri a Kwandon Goyo

Zuwa ga mahaifiyata,

Ama, ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya ƙanwata Fulmaya da jaririnta? Ni lafiya lau, bayan nawa ma da sauƙi in dai ban sunkuya ba. In kin samu mai zuwa, ki aiko min da man zafin nan naki.

Aikin yana nan, muna goya masu ziyarar ibada a kwando mu ratsa daji mu hau dutse zuwa mafarin kogin Yamuna mai tsarki. Jiya wani attajirin birnin Surat na ɗauka, tumbi kamar randa. Yana jan carbi yana cin gyaɗa, ɓawon yana zuba a wuyana. Har cewa yake, "Ka gani, yaro, wahalar nan da muke sha ita ce ladan."

Da muka isa ya tsoma yatsa ɗaya, ya ce ruwan da sanyi, ya shafa a goshi. Wai zunubinsa ya wanke tas. Ama, ni na sauko da shi, ko kaɗan nauyinsa bai ragu ba.

Kin ce kina son ganin kogin kafin tafiya ta gagare ki. Ki zo in goya ki, ko kwandon nan ya san ya ɗauki mutum.

Uwa Yamuna ta tsare ku.

Ɗanki,
Harka