Farar Masarar Mama

Kafanchan, Satumba

Yaya Yemima,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya ƙafar taki, ya Baban Dinah? Ina fatan Legas ba ta mantar da ke tuwo ba. Mu muna nan a ɗakin hayar da muka faɗa tun da maharan nan suka tashe mu daga ƙauye.

Kin tuna masarar Mama, gajeriya fara, wadda iska ba ta kayarwa? Goyo ɗaya tal na fito da shi a zani. Bara na shuka a bayan ɗaki, iska ta kwaso garin furen masarar maƙwabcinmu Malam Arzika, doguwa rawaya, ƙwayata ta fito rawaya kaf. Bana na shuka ta haka nan, ta yi tsawo har ta wuce katanga. Na yi kuka kamar ranar da muka binne Mama. Amma da na ɓare, sai ga farare tsilli-tsilli.

Zamani, malamin gonan da ke majami'armu, ya ce farin da gajartar ɓuya suka yi, kuma kowanne hanyarsa daban. Wai cikin ƙwaya goma sha shida, ɗaya ce ke haɗa su biyun. In tsince farare, in shuka nesa da masarar kowa. Nesa ina? Gonarmu har yau ba mai takawa.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Damaris

Kafanchan, Agusta, bayan shekara

Yaya,

Ya gida, ya ƙafa? Na ji kin ce in haƙura, masara ce kawai. Ke da tun kina yarinya ba ki san bakin fartanya ba!

Fararen na shuka a bayan ɗakin nan dai. Dogayen da suka fito na tuge su kafin su yi fure, gajeru ƙalilan suka rage. Na roƙi Malam Arzika ya jinkirta shukarsa don kar furenmu ya zo tare, bawan Allah ya yi, alhali shi ma yana da bakunan da zai ciyar.

Jiya na ɓare goyon farko. Fari fat, Yaya, kamar daga rumbun Mama. Na zauna a ƙasa ina dariya.

Sai dai mai gidan hayar ya sauke bulo a wajen, bayan girbi zai tayar da ɗakuna. Na tambayi masu zuwa daga Manchok, can wajen ƙauyenmu, sun ce hanyar ƙauyenmu ciyawa ta rufe, kar in soma.

Na rataye goyon a saman murhu yadda Mama ke yi. Masararta ta dawo, amma ba ni da inda zan binne ko ƙwaya ɗaya.

Ki gaida kowa.
Taki kullum, Damaris