Jikata Ta Zama Malama, Amma Muryarta Tana Dishewa

Ummussalma ta zama malama! Jikata, 'yar ɗana Iliyasu, an ba ta aji a firamaren garinmu. Ki yi haƙuri Hajiya, ban ko yi sallama ba. Assalamu alaikum. Taimako nake nema, don murnar nan ta zo mini da wani abu da ke hana ni sakewa.

Ni manomi ne a Kwandiko. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yamma na manya, shi ya sa za ki ga rubutun nan a karkace. Wanda ya koya mana shi ne Malam Yahuza, Allah Ya jiƙansa. Da safe yana koyar da yara, da yamma ya zo gare mu. Muna cikin karatu muryarsa ta fara dishewa. Aka ce sanyi ne, aka ba shi zuma da citta. Ba ta dawo ba, har ta kai sai raɗa yake yi. Ni kuwa Allah Ya ba ni murya, ni nake ɗaga kabbara a bayan liman. Sai muka yi dabara: in tsaya kusa da shi, ya raɗa mini a kunne, ni in faɗa wa aji da ƙarfi. A haka na iya karatu, a haka kuma ya ci gaba da koyarwa. Daga baya ko kunu ba ya wuce masa. Da aka kai shi asibiti aka ce an makara.

Hajiya, har yau ina jin hucin bakinsa a kunnena na dama. Wani lokaci ina noma sai in tsaya in karkata kai, kamar ina jiran ya faɗa mini abin da zan maimaita.

Yanzu kullum da safe nakan zauna a gindin darbejiya kusa da tagar ajin Ummussalma in saurare ta. Yaran sun fi ɗari, ginin kuma ba silin, hayaniyar ajin da ke gefe tana shigowa, sai ta yi ta ɗaga murya. Tun kafin a yanke gero ta fara dishewa, ga shi har an kai dawa rumbu. Da asuba in tana alwala nakan ji tana gyaran murya, irin na Malam Yahuza sak. Ran nan ta zo gaishe ni, ta tsokane ni wai angon nata ya tsufa ba ya ji, ta matso ta faɗa mini gaisuwar a kunne. Tana dariya, ni kuwa ranar na kasa cin tuwo.

Ubanta ya ce ta ajiye aikin. Ita ta ce ko da hannu ne za ta koyar. Na hana ta magana da ƙarfi a gida, na ce ta riƙa raɗa don ta adana muryar. Kuma na je wurin hedimasta na roƙe shi in riƙa tsaya mata a aji kamar yadda na yi wa malamina, bai ce a'a ba. Shin in yi? Ko in bi bayan ubanta? Ba na son in rasa ta, ba na kuma son a raba ta da allon nan.

Duk da haka ina gayyatar ki, ke da masu karanta filin nan. Ku hau motar Gwaram ku zo Kwandiko ku ga jikar manomi riƙe da alli, ku ji ta da kunnenku tun muryar tana fita.

Kakan Malama, Kwandiko

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Ina taya ka murna, Allah Ya jiƙan Malam Yahuza.

Ban san cutar da ta kama malaminka ba, amma dattijon da ya kai ga kasa haɗiya daban yake da budurwar da ta dishe bayan ta fara fama da yara ɗari. A irin shekarunta, yawanci gajiya ce, ko wata 'yar kanta da ke fitowa a maƙogwaro kamar wadda fartanya ke yi wa hannu. Wannan yana warkewa. Sai dai likita kaɗai zai tabbatar, kuma dishewar da ta kai wata guda ta wuce zuma da citta. A makon nan ku je Birnin Kudu ku nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya leƙa ya gani. In da jini a kaki, ko wahalar haɗiya ko numfashi, ko ƙulli a wuya, to gobe ma ku tafi.

Ka janye dokar raɗa. Raɗa yana wahalar da maƙogwaro fiye da magana a hankali. Ta rage surutu, ta yawaita shan ruwa, ta kurɓi ruwa maimakon gyaran murya, ta nisanci hayaƙin murhu, ta goge allo da jiƙaƙƙen tsumma. In tana ƙwannafi ta gaya wa likita. A aji ta riƙa tafi ko kaɗa ƙararrawa in tana son shiru, ta shiga tsakiyar yara ta yi magana. Akwai ƙaramar lasifika da ake ratayawa a kafaɗa, tana taimakon malamai sosai.

Tsoron Iliyasu yana kan hanya, amma barin aiki kafin a san ciwon gaggawa ne. Tsayawar da kake son yi mata kuwa, kada ka fara kafin a ga likita. In aji yana tafiya da muryarka, kowa zai ga kamar an samu mafita, asibiti ya yi ta jira. In likita ya ba ta hutun magana, sannan ka taya ta na ɗan lokaci, da izinin makaranta.

Ka raka ta da kanka, ka ba likitan labarin Malam Yahuza, ka bar shi ya amsa maka. Allah Ya ba Malama Ummussalma lafiya, Ya sanyaya maka zuciya.

Hajiya Zuwaira