Ƙwan Kabiru

Daren Talata, Wudil

Kabiru ba zai taɓa zama injiniya ba, ko da ya rubuta sunan a goshinsa. Tun farkon zangon nan ni kaɗai nake fama da zanen wayoyin famfon sola, aikinmu na gama karatu ni da shi, wanda nake burin haɗa wa Baba a lambunsa na Indabo. Abu ɗaya na roƙe shi: ya kewaye wurin da wuta ke da ƙarfi da layi mai siffar ƙwai, don mai gyara ya kiyaye hannunsa.

Tun azahar yake kan kwamfutata. Ya ja ƙwan ta gefe ya miƙe kamar kokwamba, ya ja shi ta sama ya kumbura, ya sa masa launin ja, ya mayar shuɗi. Garin matsar da shi ya haɗa da wayar batir ta cikin zanen ya tsinke ta, bai ma gani ba. Na ce, "Kabiru, ka yanke mana wuta." Ya ce, "Haba Hajiya, ki dai dubi yadda ya zauna!"

Abin takaici, da muka kai wa Malam mai duba aikinmu, ƙwan ya fara gani. Ya ce, "Madalla, wa ya yi wannan?" Kabiru har da gyara hula.

Jibi za mu kare aikin a gaban malamai. Kabiru ya ce wai in bar masa bayani, ya fi ni iya magana. Na san makinmu ɗaya ne, amma na ce to. Ina so in ga fuskarsa idan aka tambaye shi ta ina wuta ke shiga famfon.