Na koya wa ɗan kawuna kallon hulata maimakon lissafi

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana. Mai shawara ya ba ni, mai wa'azi kuma ya riƙe abinsa, na sha isasshe a gida.

Malamin lissafi ne ni a Sabon Birni. Kawuna, mai makarantar allo a unguwarmu, ya sa ni in riƙa koya wa ɗansa da ke ajin ƙarshe na sakandare, mu biyu a zaure. Yadda nake koyarwa, ba na karɓar biro daga hannun ɗalibi. Ina barin shi ya bi hanyar da ya zaɓa har ya faɗa rami, sannan in ce ya bayyana mini da bakinsa inda ƙafarsa ta zame. A nan ake gane lissafi. To kawu sai ya shimfiɗa buzunsa a gefenmu da dorina, shi da ko jadawalin sau bakwai bai haddace ba. Da ya ji na ce "sake dubawa", sai dorina ta sauka a bayan yaron. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa wannan ba hadda ba ce, kuskuren ma darasi ne. Ya harare ni ya ce, "Kai yaro, mu nan ba a barin kure shi kwana ga baki. In ba ka iyawa ka hwaɗi."

Wallahi tun ranar nake jin haushin mutumin nan har wuya. Wane irin uba ne zai zauna yana jiran ɗansa ya kuskure kamar mai dakon ɓera? Don in tsare bayan yaron, sai na fara gyara hulata duk lokacin da ya doshi kuskure. Ya gane, ya riƙa canza hanya. Duka ya tsaya, kawu ya shiga gari yana cewa dorinarsa ce ta buɗe kan yaro, injiniya zai zama. Ni kuma ina jin daɗin yadda nake mayar da shi wawa a zaurensa, wannan ita ce kunyata.

Makon jiya kawu ya tafi ta'aziyya Kurawa. Na ba yaron tambaya mai sauƙi, irin ta aji ɗaya, na juya masa baya. Can ya ce, "Yaya, ka juyo mana. In ban ga hularka ba, ban san inda nike ba."

Jarrabawar fita ta matso. In na yi shiru yaron zai faɗi, kawu ya fasa masa jiki. In na daina taɓa hula, dorina ta dawo gobe. In na faɗi gaskiya, kawu ba zai iya duka na ba, kan yaron zai huce. Shi ya kawo dorina, amma ni na ɗauke wa yaron nan ido daga takarda. Me za ni yi?