Igiyar Garba

Laraba da dare, Tsiga.

Shekara tara ina faɗa, ban haifi Garba don ruwa ba. Ɗan manomin masara ne. Ba wanda ya saurare ni. Yanzu ga shi a jirgin ruwa mai tafiya da iska, su goma sha biyu, wai tsere suke a teku, sati biyar ba su ga ƙasa ba.

Ya ce mini a waya, in gadi ya zo kansa, ɗaure kansa yake a jikin jirgin kamar akuya, kada ruwa ya kwashe shi. Tun ranar na kafa turke a ɗakinsa, na ɗaura igiya, na ƙulle da hannuna. Uwarsa ta ce, "Malam, tsufa ne ko tsafi?" Na ce ta bar ni.

Yau da magariba na tarar da ƙullin a kwance, igiyar jiƙe sharkaf. Na lasa, na ji gishiri. Rabonmu da ruwan sama wata biyu, rabona da muryarsa kwana huɗu.

Uwarsa ta rantse ba ta shiga ba. To wa ya kwance? Garba, in kai ne ka shigo, ka amsa mini!