Jan Layin da ke Jikin Subira

Da sunan Allah. Ni Shaame Faki Kombo na garin Mkoani da ke bakin teku, hankalina garau yake, ƙafafu ne kawai suka yi mini tawaye. Likita ya faɗi abin da ya gani, na yi masa godiya. Vuai, Riziki da Makame, 'ya'yana, kada ku karanta wannan da hawaye. Wallahi da murna nake rubutawa, har alƙalamin rawa yake a hannuna.

Na ɗaya. Jiragen ruwanmu biyu, Subira da Tawakkali, ba a rabawa, ba a sayarwa. Ragamar kamfani tana hannun 'yata Riziki.

Vuai, zauna, na san ka miƙe. Ji dalili.

Jajibirin Sallar da ta wuce Subira ta cika, ruwa ya taɓa jan layin iyakar lodi da na shafa a jikinta. Ga mutum talatin a gaɓa suna roƙo, teku kwance luf. Ka ce, "Haba Riziki, yau ko ƙwarya aka saka a tekun nan sai ta kai tsibirin Unguja!" Ta ce, "Yaya, ai ba da teku Baba ya ƙulla alkawarin nan ba." Ta janye tsani. Suka zage ta tas, suka hau jirgin wasu, suka sauka lafiya lau. Ko iska ba ta motsa ba. Mun yi asara, har a kasuwa dariya ake mata.

Da labarin ya same ni a gado, na zabura na yi kabbara, har mahaifiyarku ta ɓarar da gahawa! Shekara arba'in nake jiran wanda zai ji tsoron Allah ranar da babu hadari.

Ba ku san asalin layin ba. Ina saurayi kwaɗayi ya sa na yi wa jirgi lodi fiye da kima. Igiyar ruwa ta taso, dole na watsar da buhunan kanumfarin wata bazawara, Bi Mtumwa, a teku, noman shekararta guda. Na je da kuɗi, ta karɓa, ta dube ni ta ce, "Da ɗana ne fa, nawa za ka kawo?" Washegari na sayi jan fenti.

Na biyu. Vuai, gonar kanumfari ta Chambani taka ce, kuma injinan jiragen ba mai taɓa su sai da izininka. Kunnenka na jin ciwon inji tun bai yi tari ba, wannan baiwar Riziki ba ta da ita. Wata huɗu ke nan ba ka yi mata magana. Ka je gidanta da alewar halwa kafin a yi bakwai ɗina.

Na uku. Makame, gidan bakin tasha naka ne, mahaifiyarku na ciki har iyakar ranta. Tsoffin matuƙanmu da ƙarfi ya ƙare musu, shinkafarsu ta Juma'a kada ta yanke.

Riziki, kada yabon nan ya hau miki kai. Ki riƙa tambayar yayanki, ki saurari mai share jirgi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. Duk Sallah ku ci a faranti ɗaya, ko kuna fushi. Ni dai kayana a ɗaure suke, kuma ban taɓa ɗokin wata tafiya kamar wannan ba.