Gansakukar Tankin Yaya

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, karatu yana tafiya daidai, ciwon kan nan naki kuma bai bi ki can ba. Mama da Baba suna lafiya, suna gaishe ki. Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. Kin san ni, da na ji muryar mutum sai harshena ya naɗe, gara in rubuta.

Maganar tankin kifinki na ruwan teku ce. Kada hankalinki ya tashi, kifayen nan biyu masu ruwan lemo suna nan da ransu, suna ta bin juna. Amma gansakuka ta fito. Da farko ɗan kore ne a jikin dutsen gefe, har na ce ado ne. Yanzu ta yi gashi dogo mai yauƙi, tana kaɗawa cikin ruwa kamar tsumman goge-goge da aka manta a bokiti. Ban taɓa ganin halitta marar zuciya irinta ba. Ki tsige ta yau, jibi ta dawo tana miki rawa. Abin da ya fi damuna, ta fara hawa gindin murjaninki, halittar tekun nan mai rassa, wanda kika rena shekara huɗu tun yana guntun da bai kai ɗan yatsa ba.

Duk abin da kika rubuta kika manna a jikin kabad ina yi. Abinci sau ɗaya a rana, ɗan kaɗan. Fitilar tanki awa takwas. Ruwan da ya ƙafe ina cikewa da tataccen nan na jarka, ban taɓa sa na famfo ba. Ranar Asabar in zuƙe bokiti biyu da tiyo, in haɗa sabo, in auna gishirinsa. Ba na ma barin su su kaɗai. Kullum bayan makaranta ina jawo kujera kusa da taga in zauna da littafina, hasken yamma yana sauka a kan shafi, yana ratsa ruwan, wallahi kamar a mafarki. Don haka ni dai ba laifina ba ne.

Baba ya ce falo ya fara ƙarni, baƙi kuma tankin suke kallo kafin su kalle shi. Shekaranjiya sai ga shi da ɗan abokinsa, wai masanin kifi ne. Na sa masa suna Gwani. Ba zan ɓoye miki ba, da ya shigo kasa ɗaga ido na yi. Dogo, agogo yana walƙiya, turare ya riga shi shigowa, irin wanda a littafi ake cewa ya tsaya a bakin ƙofa numfashin kowa ya ɗauke. Minti biyu wannan ya ɗauka, sai ya buɗe baki. Ya ƙwanƙwasa gilashin da makullin mota har kifayen suka ɓuya. Ya tambaya ko murjanin na roba ne. Ashe duk iliminsa kududdufin tarwaɗa ne a bayan gidansu, kuma a wurinsa kifi duk kifi ne. Daga ƙarshe ya tsoma hannunsa mai turaren nan cikin ruwan har gwiwar hannu, ya ɗanɗana, ya sanar da mu cewa gishiri ya yi yawa. A ruwan teku, Yaya.

Baba dai ya yanke hukunci: in wata ya ƙare gansakukar nan ba ta tafi ba, zai ba Gwani tankin kyauta tunda shi ya iya. Ina tsaye a wurin, na shirya magana a raina, ba ta fito ba. Saura kwana ashirin da huɗu.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya jarrabawar da kika ce tana tafe? Allah ya ba da sa'a. Mama ta yi mura amma ta warware. Na ga amsarki, na gode da ba ki yi faɗa ba, sai dai ki adana faɗan don wannan.

Ranar Talata ina makaranta Gwani ya zo da wata kwalba shuɗiya. Mama ta ce ko zama bai yi ba, ya tsiyaya cikin murfi ya zuba, ya ce kafin gobe za a ga aiki. An kuwa gani. Da safe dodon koɗinki guda tara, su da suke kiwon gansakukar suna rage mini wahala, duk sun faɗo daga jikin gilashi sun kife a kan yashi. Murjanin ya tsuke, ya janye 'yan bakunansa, ya koma kamar busasshen reshe. Ita kuwa gansakukar ko a jikinta, har wani sheƙi ta ƙara. Da Baba ya kira Gwani, cewa ya yi dama dodon koɗin tsofaffi ne. A ina ya ga takardar haihuwarsu, oho.

Na tsince su na sa a kwalbar zuma da ta ƙare, na ɗauki kwalbarsa da ya bari, na tafi shagon kifin da kike zuwa. Sau uku na wuce ƙofar kafin in shiga. Ba ki taɓa gaya mini haka mai shagon yake ba. Wani gajeren dattijo, gaban rigarsa a jiƙe, tabarau ɗaure da zare, yana magana yana kallon bokiti. A littafi irinsa ko layi biyu ba ya samu. Ya karanta jikin kwalbar ya yi tsaki, ya ce ta kududdufi ce, akwai tagulla a ciki, ita ce ajalin duk wani abu marar ƙashin baya a tankin gishiri. Ya ba ni gawayin tace ruwa da wani soso mai tsotse dafin, ya ce in canza rabin ruwa yau, rabi jibi, kada in sayi sabon dodon koɗi sai bayan wata.

Wannan na yarda ya yi amfani. Amma sai ya shiga yi mini tambayoyi kamar alƙali. Nawa nake ba su abinci, awa nawa fitila, wane ruwa. Na amsa duka. Sai ya ce wane gefe ne ya fi kore, kuma akwai taga a ɗakin? Na ce labulenmu kullum a rufe yake. Ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce to. Ki ji fa, wai taga. Mutum ya kashe mana dodon koɗi tara, shi kuma taga ce ta dame shi.

Hannuna duk ya yi yaushi saboda ruwan gishiri. Da tsohon buroshin haƙori nake kankare duwatsun, ɗaya hannun riƙe da tiyo yana zuƙe abin da ya fita don kada ya watsu. Saura kwana goma sha biyar. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kin gama jarrabawa lafiya. Kowa a gida ƙalau. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, ukun suna kwandon shara.

Ƙarya na yi wa mai shagon, na kuma yi miki. Labulen nan mai kauri da kike rufewa, har nake miki dariya ina cewa kin mai da falo kogo, tun satin da kika tafi nake yaye shi. Kullum daga ƙarfe uku har rana ta sauka, don in ga shafi da kyau. Da na dawo daga shagon na tsaya na duba: gefen taga kore shar, ɗaya gefen da sauƙi. Wata biyu ina kiwon gansakuka da rana, ina zaune a gefenta ina zaginta, ina share hawaye a kan wata ta cikin littafi da masoyinta ya yi tafiya. Ba ki rubuta labule a takardar jikin kabad ba saboda ba ki zaci akwai sakarar da za ta taɓa shi ba. Akwai.

Na koma shagon na faɗa masa, idona a ƙasa. Ya ce in tsige iya abin da zan iya, in kashe fitilar tanki, in lulluɓe shi da bargo kwana uku, in bar injin ruwa yana aiki, in bar kafar iska ta sama, kada in leƙa. Na yi. Mama ta ce kamar muna jinyar mara lafiya a falo. Ranar da na yaye, gansakukar ta koɗe ta yi laushi, tana fita da taɓawa ɗaya. Ba ta ƙare ba, akwai saura a ramukan dutse. Mai shagon ya ce wannan sai an yi makonni.

Jiya wata ya ƙare. Gwani ya zo da mota da bokitan fenti guda huɗu, ko wanke su bai yi da kyau ba. A cikinsu zai kwashi shekara huɗunki. Ya shigo da sabon agogo, yana ce wa Baba kada ya damu, yara ba su iya riƙon irin wannan ba.

Shafi uku na rubuta na haddace, Yaya, jawabi irin wanda jaruma ke yi kowa ya sunkuyar da kai. Da na tsaya gaban Baba ko kalma ɗaya ban tuna ba. Sai kawai na ajiye kwalbar zumar da ƙoƙon dodon koɗi tara a kan tebur, na ajiye shuɗiyar kwalbar a gefenta. Na ce gansakukar ni ce na jawo ta da labule, waɗannan kuma shi ne. Iyakar abin da ya fito ke nan, shi ma da ƙyar aka ji.

Baba ya sa tabarau, ya ɗauki kwalbar ya juya ta, ya karanta a hankali, da ƙarfi, har wurin da aka rubuta kada a zuba a ruwan gishiri. Ya sake karanta layin. Gwani ya ce ai rubutun ƙanana ne. Baba ya ce shi mai shekara sittin ya gani. Daga nan ya ce tanki yana nan sai mai shi ta dawo, ya yi wa Gwani godiya, ya ce ya gai da mahaifinsa. Haka Gwani ya kwashi bokitansa fanko, biyu a kowane hannu, suna bugun ƙafarsa. A bakin ƙofa har ya samu bakin tambayata lambarki. Na ce na manta.

Ni ma ban tsira ba. Baba ya tambaya wane karatu ne wannan da sai an yaye labule, ya buɗe littafin ya karanta layi biyu, ya rufe ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba. Da ya kwaɗa mini mari da ya fi mini sauƙi. Yanzu a baranda nake karatu. Sai dai na tsaya a babi na tara, don jarumin ya shigo da agogo da turare, ni kuwa bokitin fenti kawai nake gani a hannunsa.

Saura abin da nake ta kewayewa. Murjaninki, reshen hagu ya mutu, ya yi fari fat, mai shagon ya ce ba zai dawo ba. Zan so in ce duk aikin kwalbar ne, amma gansakukar ta riga ta shaƙe wannan reshen tun kafin Gwani ya san hanyar gidanmu. Na dama kuwa yau da safe ya buɗe bakunansa. Na ƙirga, goma sha ɗaya.

Ban cire farin reshen ba. Na bar shi ki zo ki gani da idonki, ki yi mini faɗan a gabansa. Labule a rufe yake, har na sa masa abin maƙale shanya guda biyu.

Ki yafe mini, ki dawo lafiya.

Ƙanwarki mai laifi,
Auta